Neman taimako kan tarihin cocin Pohick bayan 1785

Jama'a barkanmu da warhaka. Ina karatu a Amurka, ina rubutu kan tsoffin majami'un Episcopal (wato ɗarikar Anglican ta Amurka) na arewacin jihar Virginia, musamman cocin Pohick da ke gundumar cocin Truro, amma aikin ya cije.

Farkon labarin ba wuya. An kafa gundumar cocin Truro a 1732, aka yanke gundumar cocin Fairfax daga jikinta a 1765. An gama ginin Christ Church na Alexandria a 1773, na Pohick kuma a 1774. Littafin dattawan cocin Truro, waɗanda George Washington ya zauna cikinsu, ya rubuta har harajin da ake biya da ganyen taba.

Daga 1785 sai sawu ya ɓace mini. Cocin Episcopal ya rabu da gwamnati, dokar 1802 ta ba da damar sayar da gonakinsa, Pohick ya kusa zama kango. Lokacin yaƙin basasar Amurka kuma sojojin Arewa suka kwashe kayan cikinsa. Abin na damuna, domin talakawa da bayin da suka yi ibada a can su ne ba sa fitowa a takarda.

Don Allah, wanda ya taɓa irin wannan bincike, ina zan dosa? Takardun kotun Fairfax, ko rahotannin taron shekara na diyosis ɗin Virginia (wato yankin da ke ƙarƙashin bishop)?