Neman shawara: kiɗa da hoto sun rabu a wasanmu, wace manhaja zan kama?

Mai tambaya, daga wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da sautin wasan kwaikwayon da ƙungiyarmu ta matasa ke ɗorawa a YouTube. Da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, na tashi tun ina yi wa amare waƙar biki. Editanmu yana Kano, wajen titin Gidan Zoo, da manhajar gyaran bidiyo ta Premiere yake aiki. Shi zai turo min bidiyo ta WhatsApp, in zuba kiɗa da ƙarar ƙofa da kukan jaki, in mayar masa da fayil ɗaya. A kashi na 4 sai ya rage wata fitowa bayan na gama, komai ya goce. Uwa na kuka, kiɗan tausayi bai shigo ba sai da ta share hawaye. Kwana 9 na yi a kan aikin nan, wallahi abin ya ƙona min rai. Wasu sun ce in koma Pro Tools, wasu Reaper, wasu DaVinci Resolve. Laftof ɗina RAM 8 ne, wutarmu sola, data kuwa sai na hau tudun bayan makaranta. Wanne zan kama, kuma ta yaya aikinsa zai shigo nawa?

Wani mai haɗa sauti, daga Kano:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ko Pro Tools ka saya yau, abin da ya same ka zai sake samunka. Ba a fara sauti sai darakta da edita sun ce hoto ya kulle, babu ƙari babu ragi. Idan dole ta sa an taɓa, a faɗa maka minti da daƙiƙa da adadin firam, wato ɗaiɗaikun hotunan bidiyo, da aka cire. Wannan yarjejeniya ce, ku yi ta baki da baki.

Sannan ka daina karɓar sauti a dunƙule. Premiere na fitar da AAF, fayil ne da ke ɗauko kowane guntun magana a gurbinsa, layi-layi, yadda edita ya jera. Ka ce ya bar maka rara, ko daƙiƙa 5 a kai da wutsiyar kowane guntu, don in ya datse numfashin ɗan wasa ka iya jawo shi. Akwai OMF, irin wannan fayil ɗin ne amma tsohon yayi, ba ya wuce gigabayit 2. Dukansu ba sa ɗauko filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, duk gyaran murya da ya yi a can, a can zai tsaya. A ma'aunin naɗar sauti ku tsaya a kilohaz 48, shi ne na fim, 44.1 na faifan CD ne. Firam kuma 25 a daƙiƙa, kada wani ya koma 30 a tsakiyar aiki. FL Studio ba ya buɗe AAF, don kiɗa aka gina shi. Ni Pro Tools nake amfani da shi, tun 1991 yake, kuma shi manyan ɗakunan haɗa sautin fim suka fi riƙewa.

Wata 'yar uwa, daga Dutse:
Yaya, duk na yarda, ban da Pro Tools ga mutumin da ke hawa tudu neman data. Kuɗin lasisi kaɗai zai cinye masa kuɗin taki. Ɗan uwa, ka ɗauko Reaper. Bai kai megabayit 20 ba, yana tafiya lafiya a ƙaramin laftof, yana nuna bidiyo, za ka gwada shi kwana 60 kyauta, lasisin ƙaramin mai sana'a kuma dala 60. Ka bar neman wanda aka fasa, aikin wata guda na taɓa rasawa saboda irinsa.

Amma kada in ɓoye maka, Reaper ba ya karanta AAF da kansa. Sai ka bi ta AATranslator, ko editan ya fitar da fayil na XML ka juya shi da Vordio, dukansu manhajojin juya fayil ne, kuma na kuɗi. Ni abin da nake yi ya fi sauƙi: edita ya fitar min da kowane layi daban a fayil ɗin sauti na WAV, duk su fara daga farkon fim ko da shiru ne a wajen. In na jera su a sifili sai su zauna daram. Rara ce kawai ba za ka samu ba, don haka ka karɓi ainihin fayilolin rikoda ka ajiye a gefe.

Wani edita, daga Bichi:
Me zai hana ku duka ku koma Resolve? Kyauta ne, kuma tun 2017 masu shi, kamfanin Blackmagic, suka saka Fairlight, sashen haɗa sauti, a ciki, hoto da sauti a gida ɗaya, babu juye-juye. Sai dai RAM 8 zai sha wuya, ya fi son 16, sauke shi ma ya haura gigabayit 2. Kuma a daina tura bidiyo ta WhatsApp kai tsaye, matse shi yake yi. A tura a matsayin dokumen.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Editanmu ba zai bar Premiere ba, na san shi. Anti, WAV ɗin nan nawa zai ci? Kashi ɗaya minti 30 ne.

'Yar uwar Dutse:
Layi guda na makirufo ɗaya, kilohaz 48 bit 24, kusan megabayit 260 ne a minti 30. Layi 8 ka ga an taɓa gigabayit 2. Ya matse su a ZIP, wuraren shiru na raguwa sosai. In ba haka ba, filashi a ambulan, a ba direban motar Kano da kuka sani a tasha.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin rediyo, daga Gumel:
Yaro, na ji ka ambaci kukan jaki. Ina fatan ba daga intanet ka ɗauko shi ba. Sau da yawa ina kallon wasannin yaranmu, gida na ƙasa da danga, amma ƙofa na ƙara irin ta gidan bene a Turai, tsuntsayen da ke kuka kuma ba mu taɓa jinsu a ƙasar Hausa ba. Kai da kake ƙauye, abin da na birni ke nema yana ƙofar gidanka. Ka fita da asuba kafin a tayar da injin niƙa, ka ɗauki carar zakara, da guga na bugun bakin rijiya, da luguden mata biyu a turmi ɗaya, da amalanke a kan yashi. Ka ɗauki iskar hunturu a cikin kara, ka ɗauki kwaɗin damina, don in lokacinsu ya wuce sai baɗi. Kowanne ka rubuta masa suna da wuri da wata. Matan da za ka ɗauki dakansu kuma ka nemi izininsu da na masu gida.

Ranar ɗaukar wasa, in an gama fitowa, ka roƙi kowa ya yi tsit na minti 1 ka naɗi shirun ɗakin. Zaure na da nasa shirun, ɗakin kwano na da nasa. Da shi za ka cike ramukan da ke tsakanin magana.

In ka gama, ban da haɗaɗɗen fayil, ka ba edita kaso 3: magana daban, kiɗa daban, sautin yanayi daban. Da haka aka yi a kashi na 4, da shi da kansa zai matsar da kowanne zuwa gurbinsa.

Mai tambaya:
Baba, daga intanet na ɗauko shi, kuma jakin maƙwabcinmu na ɗaure a bayan ɗakina. Gobe da asuba zan fita da rikoda in sha Allah. Reaper zan gwada, kiɗa kuma in ci gaba da yinsa a FL in fitar a 48.

'Yar uwar Dutse:
Allah ya taimaka. Ranar da za ka fara ajiye aiki a Reaper, ka zaɓi ya kwafe duk sautukan cikin folda ɗaya da aikin. In ba ka yi ba, kana zare filashi zai ce bai ga fayil ba.