Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: har ƙasa ma?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum. Jiya bayan la'asar musu ya kaure a shagonmu tsakanin maigidana da wani tsohon abokin cinikinsa daga Maraɗi, a kan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Da ran Alhaji ya ɓaci sai ya ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bawan Allah ya tashi ko sallama babu. Abin ya tsaya mini a rai. Manya, wannan magana tana hawa kan ƙasa kuwa?

Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Alhaji ya yi gaggawa. Ana faɗa wa mai shirin tafiya ne don ya sake tunani. Wanda ya riga ya fita in ka faɗa masa, gori ka yi.

Baƙon Fagge:
Ni ɗan Nijar ne, kuma ina tambaya, wa ya fara barin wani? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Jibiya, aka yanke mana wuta daga Najeriya, har da barazanar turo sojoji. Magani ya yi wuya, shinkafa ta yi tsada. Gidan ne ya fara juya mana baya.

Malamin Tarihi:
Ɗan'uwa, zafin da ka ji gaskiya ne, mu ma a Dawanau mun ji a jikinmu. Amma fita tana da ƙa'ida. Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS ya ce a ba da sanarwar shekara guda. Ƙasashen uku sun ce sun fita nan take a Janairun 2024, amma sai 29 ga Janairun 2025 ficewar ta tabbata. Ku dubi Birtaniya: ƙuri'a a 2016, fita daga Tarayyar Turai sai Janairun 2020. Abin da ya riƙe su kuɗin da ake bin su ne, da makomar mutanen da ke zaune a ɓangarorin biyu, da iyakar ƙasar Ayalan da Ayalan ta Arewa, wadda ke cikin Birtaniya. Ni a ganina kada ƙasa ta sa ranar fita kafin ta san me za ta nema a teburi.

'Yar Gwale:
Malam, ka tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Kakanmu da yayansa gandu ɗaya suke nomawa a wajen Gwarzo, tukunya ɗaya. Da rigima ta yi yawa kakanmu ya rantse sai ya ware. Dattawa suka zauna, aka raba gona, aka raba rumbu, aka ƙirga awaki, har an kira mai gini zai ja katanga. Kaka ta aiko daga cikin gida a tambayi maza: rijiyar fa? Duk sun manta, kuma rijiyar ta faɗa ɓangaren yayan. Kakanmu ya ce shi ba zai roƙi kowa ruwa ba, zai haƙa tasa. Ta ce ta ji, amma kafin a haƙa wa zai ɗebo wa yara? Ta ƙi dafa tuwo a sabuwar tukunya har sai da aka dawo da dattawan, aka yarda a bar ƙofa a jikin katangar. Shekaru mazan ba sa ga-maciji, matan kuwa ta ƙofar nan suke karɓar haihuwar juna. Ranar da yayan ya rasu, ta nan kakanmu ya bi ya yi masa wanka.

Mai Goro:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Hajiya. Ya haƙa tasa rijiyar daga baya?

'Yar Gwale:
Ya haƙa, Baba, ruwan ya fito da gishiri-gishiri. Wanki kawai ake yi da shi.

Na Sabon Gari:
A tura irin Hajiya teburin sulhu, a bar masu manyan riguna a otal suna cin alawus. Namu 'yan siyasar ma ai sun ƙaryata karin maganar: su bar jam'iyya da hantsi, da magariba gida ya tarbe su da kiɗa.

Ɗan Kwari:
Wani har ofishin jam'iyyar yake tafiya da shi, ya sake fenti kawai.

Baƙon Fagge:
Ku bar wasa. Ƙofar Hajiya ita nake so a yi magana a kai. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu masu tambarinta har sai an sake sanarwa. Wannan alheri ne da za a iya janyewa gobe. Ina da 'ya'ya a makaranta a nan Kano, a rubuta mana shi a yarjejeniya.

Malamin Tarihi:
Muritaniya ta fita a 2000, a 2017 kuma ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa. Gida bai bar ta ba ke nan.

Mai Goro:
A'a Malam, ya bar ta mana, tunda ba ta da kujera a taron shugabanni. Kuma ni har yanzu ban gamsu da labarin rijiyar ba. Da yayan ya ƙi yarda da ƙofar fa, yaya Hajiya za ta yi?