Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bourgeois" a tarihin juyin juya halin Faransa?

Mai fassara:
Salamu alaikum malamai. Ana neman kalmar da za ta tsaya a madadin bourgeois a rubutu kan juyin juya halin Faransa na 1789, musamman inda ake bayanin ɓarakar birni da ƙauye. An saba cewa 'yan jari-hujja. Ta yi?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam. Ba ta yi ba. Jari-hujja na kawo wa mai karatu hoton mai masana'anta da leburori, wanda sai a ƙarni na 19 ya kankama a Faransa. Tushen kalmar bourg ne, wato gari mai kasuwa, kuma bourgeois mazaunin gari ne da doka ta ba shi wasu haƙƙoƙi. Na Paris ma ba sa biyan taille, harajin da ya fi danne manoma. Dubi wakilan rukuni na uku, wato duk wanda ba limamin coci ko basarake ba, da suka hallara a Versailles kusa da Paris a Mayun 1789, su wajen 600: galibinsu lauyoyi ne da masu riƙe da muƙaman shari'a, manomi kuwa sai an tona. Alhali cikin mutum kusan miliyan 28, wajen huɗu cikin biyar a karkara suke.

Daga Damagaram:
To Malam, me zai hana mu ce 'yan birni? Ta bi tushen kalmar sak, kuma a bakin Bahaushe ɗan birni na ɗauke da ƙanshin wayo. Haka baƙauyen yammacin Faransa yake kallonsu.

Malamar tarihi:
Ɗan'uwa, rabin hanya ta kai mu. Matsalarta ita ce birnin ma kashi biyu ne. Akwai sans-culottes, masu sana'ar hannu da ƙananan masu shaguna, waɗanda damuwarsu kuɗin burodi ne. Su suka matsa har aka ƙayyade farashin hatsi a 4 ga Mayu 1793, sannan na sauran kayan masarufi a 29 ga Satumba. Manomi ya ga ana tilasta masa sayar da alkama da araha, a biya shi da takardar kuɗi ta assignat mai zubewar daraja kullum, sai ya ɓoye hatsin, aka tura mayaƙa daga birane su binciki rumbuna. Wannan rigimar abinci ce, da talakawan birni.

Rigimar manomi da bourgeois kuwa ta gonaki ce. A 2 ga Nuwamba 1789 aka mayar da kadarorin coci hannun ƙasa, aka riƙa sayar da su gwanjo a hedikwatar gunduma, sau da yawa gona sukutum ba a yanka ta ba. Mai kuɗi a hannu shi ke ɗauka, kuma a yamma yawanci lauya ne ko ɗan kasuwar gari. Abin da ya fi ciwo: da aka soke ushirin coci, dokar 1791 ta yarda mai gona ya ɗora kimarsa a kan kuɗin haya. Mai noma-mu-raba bai ga sauƙin komai ba, mai karɓa kawai aka sauya. In muka kira duka biyun 'yan birni, mun cakuɗa rigima biyu.

Mai fassara:
Attajiran birni fa, Malama?

Malamin tarihi:
Attajiri na jan hankali zuwa fatauci, ya bar lauya da likita a waje, alhali su suka cika majalisun gundumomi. Ni na fi natsuwa da mawadatan birni. Gwada ta a Vendée, yankin yammacin Faransa inda manoma suka yi tawaye. A 24 ga Fabrairu 1793 aka yi umarnin ɗibar soja 300,000, aka keɓe jami'an gwamnati. Jami'an nan mawadatan birni ne, su suka sayi gonakin coci, su suka kori limaman da suka ƙi rantsuwar biyayya ga sabon tsarin mulki da aka wajabta a Nuwamban 1790. Cikin Maris 1793 manoma suka afka wa garuruwan Machecoul da Cholet, a 29 ga Yuni suka gwada Nantes, birnin ya tsaya musu. Kalmar ta zauna a kowace jimla.

Daga Damagaram:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. Basaraken da ke zaune a Paris shi ma mawadaci ne, amma ba bourgeois ba ne. A ambaton farko a rubuta "burjuwa, wato mawadatan birni marasa sarauta", daga nan a gajarta.

Malamar tarihi:
Haka ne. Tilo mawadacin birni, mace mawadaciyar birni. In ana kawo maganar baƙauye cikin fushi, a nan 'yan birni ta fi dacewa. Sans-culottes su zauna a talakawan birni, jari-hujja kuma a ajiye ta sai an iso zamanin masana'antu.