Wace manhaja ce ta fi tsaro wajen tura fayil zuwa saba?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani shagon kwamfuta a Ikeja yana tura manyan fayiloli zuwa sabar Linux (kwamfutar da ke karɓa da ajiye fayiloli) da ke nesa, ga netwok yana yawan yankewa. Wace manhajar kyauta ce ke da tsaro da sauƙi?

Malamin Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka rabu da FTP, tsohuwar hanyar tura fayil ta tashar 21 (lambar ƙofarta a netwok), don kalmar sirri a fili take tafiya. Ka koma SFTP, wadda ke bin SSH, hanyar shiga saba da ke ɓoye bayanai, ta tashar 22. A Windows, manhajar WinSCP ta wadatar. FileZilla ma tana yi.

Hajiyar Obalende: Maganin yankewa manhajar rsync ce, ga umarnin: rsync -avP fayil suna@saba:/wuri/. Wannan -P ɗin yana ajiye abin da ya riga ya isa, in an ɗauke wuta sai ka sake buga umarnin, ba sai an faro daga farko ba. Amma dole a girka rsync a ɓangarorin biyu.

Malamin Idi-Araba: Gaskiyarki Hajiya. Ka kuma haɗa makullin shiga SSH da umarnin ssh-keygen -t ed25519, ka yi wa makullin sirrin chmod 600, wato kai kaɗai ke da izinin karanta shi da gyara shi. In izininsa ya yi faɗi, SSH ba zai karɓe shi ba.