Agogon nutso ko agogon kurme? A zo a raba mana gardama

1/ Jama'a, kalma nake nema. Makon jiya na je kasuwar Sabon Gari a nan Zariya wurin wani dattijo mai gyaran agogo, irin masu ɗan tebur da akwatin gilashin nan. Na ce masa ina cigiyar irin agogon da Turawa ke kira dive watch. Ya ɗago kai, madubin aikinsa na maƙale a ido ɗaya, ya ce, "Malam, yi mini Hausa." Na buɗe baki, babu abin faɗa. Da ƙyar na ce, "Baba, mai zoben nan da ke juyawa." Ya ce, "Au, wanda ba ya jin ruwa."

2/ To, a nan gizo ke saƙa. "Ba ya jin ruwa" shi ne kirarin da kowane mai talla ke yi wa kowane agogo. Da wannan kirari aka sayar mini da wani shekaru biyu baya, an rubuta 30M a bayansa. Na ce mita 30 ai ta ninka rijiyar gidanmu, na riƙa wanka da shi hankali kwance. Wata rana ruwan Agusta ya tare ni a kan babur tsakanin Samaru da Kwangila, washegari na ga raɓa ta kwanta a cikin gilashin. Kafin wata guda hannun daƙiƙa ya yi tsatsa ya tsaya. Ashe 30M ɗin gwajin matsi ne a ɗakin gwaji, ruwa na tsaye cik. A hannun mutum iyakarsa yayyafi da fantsamar alwala.

3/ Shi ya sa na dage sai an samo wa na gaskiyar suna nasa shi kaɗai. In sunan ya zauna, mai saye ya san abin da zai tambaya, mai talla kuma ba zai haɗa masa zuma da maɗi ba.

4/ Bari in faɗi abin da ake nema wa sunan. Agogo ne da aka ƙera wa masu shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya, don su san minti nawa suka yi a ƙasa. Kamfanin Blancpain ya fito da nasa mai suna Fifty Fathoms a 1953, sojojin ruwan Faransa suka yi aiki da shi. Rolex ta biyo da Submariner a daidai wannan lokaci. Seiko ta Japan ta yi nata na farko a 1965, mai jure mita 150, Rasha kuma ta yi Vostok Amphibia a 1967. Yau akwai ƙa'idar duniya, ISO 6425: aƙalla mita 100, a iya karanta shi cikin duhu daga nisan santimita 25, a kuma gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin 100. Wanda ya ci wannan jarrabawa ne ake rubuta wa Diver's a fuska.

5/ Ga sunayen da aka kawo mini tun jiya. Na farko, agogon ruwa. Gajere ne, yana da daɗin faɗi, amma ya yi faɗi da yawa. Wani ya ce da ya ji shi mitar famfo ce ta faɗo masa a rai. Na cire shi.

6/ Na biyu, agogon ninƙaya, ko agogon iyo. Na san daga inda ya fito: in jirgin kwale-kwale ya kife, a rediyo za ka ji an ce "masu ninƙaya na neman waɗanda suka ɓace". Amma duk wanda ya yi ƙuruciya a bakin Kubanni ko Galma ya san ninƙaya a saman ruwa ake yin ta, kai a waje, ana shaƙar iska. Mai ninƙaya ba ya bukatar lissafin mintin da ya rage masa. Shi kuwa agogon nan don wanda ya bar sama aka yi shi.

7/ Saura biyu, kuma su ne suka raba kan jama'a: nutso da kurme.

Masu goyon nutso sun fi yawa, hujjarsu kuma mai ƙarfi ce: kowa ya san kalmar, daga Zazzau har Damagaram. Abin da ya hana ni sakin jiki da ita shi ne 'yar'uwarta, nutsewa. Dutse ma yana nutsewa. In aka ce wane ya nutse a dam, salati ake yi, ba tafi ba. Ni dai in na ji "agogon nutso", hoton da ke zo mini shi ne agogon da ya suɓuce ya faɗa rijiya.

Kurme kuwa da niyya ake yin sa. Yaro ya cika ƙirji da iska, ya toshe hanci, ya ɓace, sai ka ga ya ɓullo can gaba yana dariya. Da shiga da fitowa duk suna cikin kalmar, har da riƙon numfashi da ƙirgen lokaci, don muna yara ƙirga wa juna muke yi a ga wanda ya fi daɗewa. Aikin agogon ke nan ba ragi ba ƙari.

8/ Wani abokina malamin makaranta ya ce, "Kai dai za ka ja a riƙa cewa agogon kurame." Na yi dariya, amma ban karɓa ba. Bahaushe bai taɓa ruɗa kurme da kurma a magana ba, ba kuma a kan agogo zai fara ba.

9/ Akwai kuma masu cewa a bar wahala, a ce daiba kawai, kamar yadda muka ce direba da tela. Ba na ƙyamar aro. Ita kanta kalmar agogo daga Yarbanci muka samo ta, inda take nufin ƙararrawa, ta kuma zauna daram. Sai dai ana aro ne in babu na gida. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Hausar da ta iya cewa jirgin ƙasa da jirgin sama ba za ta gaza a kan agogo ba. Daiba ba ta gaya wa Baba mai gyara komai, kurme kuwa ko jikansa ya gane.

10/ Wani ya tambaya, kuma da gaskiyarsa: mutumin Tudun Wada da bai taɓa ganin teku ba, me zai yi da shi? Alwala sau biyar a rana. Ruwan damina. Ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, domin robar da ta hana ruwa shiga ita ke hana ƙura. Ga kan da ake saita lokaci da shi, wanda ake murzawa ya kulle kamar murfin gora. Ga lambobi manya masu haske cikin duhu, in an ɗauke wuta da asuba ba sai ka lalubi waya ba.

11/ Zoben nan da ke kewaye da gilashin kuwa shi ne abin sha'awa. Kana juya shi yana ƙas-ƙas, ka daidaita ɗan alamar da ke samansa da hannun minti, shi ke nan ya fara ƙirga maka. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, saɓanin tafiyar hannun agogo. Dalili: in ya bugi wani abu a ƙarƙashin ruwa ya goce, sai ya nuna ka daɗe fiye da yadda ka daɗe, ka fito da wuri. Kuskurensa ba ya kashe mai shi. Ni da shi nake auna mintin da janareta ya yi, da lokacin da na ɗiba wa ɗalibai a gwaji.

12/ Akwai wata kalmar da Turawa ke haɗawa da shi a talla, vintage-style, ita ba ta ba ni wuya ba. Kada a ce tsoho, kada a ce na hannu. Sabo ne fil, zubinsa ne kawai na shekarun 1960: madaidaicin jiki, gilashi mai ɗan tudu, lambobi masu launin madara. Mai zubin da ya wadatar. Ku kuma bambance shi da tsohon gaske, wanda robarsa ta bushe shekaru aru-aru. Wannan ko alwala kada ku yi da shi sai an canza robar an gwada.

13/ Ga mai niyyar saye, abin da na lura. Nemi mita 200 da kai mai kullewa. Casio Duro mai batir ne, mita 200, ga sauƙin kuɗi, sai dai faɗinsa milimita 44, a siririn hannu kamar an ɗaura faranti. Citizen Promaster na da masu cin haske, babu canjin batir kowace shekara biyu. Seiko da Orient na da masu aiki da motsin hannu, in ka ajiye su kwana biyu sai su tsaya. Abin da ba a faɗa a tallar Turawa shi ne kauri. Yawancinsu sun kai milimita 12 zuwa 13, kuma hannun kaftani mai maɓalli ba ya haɗiye su. Tafi kasuwa da irin rigar da kake sawa ranar Juma'a, ka gwada a nan take. Jabu kuma sun cika gari: in zoben na juyawa gaba da baya sakwa-sakwa, ajiye musu kayansu.

14/ Ni dai na tsaya a kan agogon kurme. Wanda na saya kuma, agogon kurme mai zubin da.

Yau da safe na koma wurin Baba don ya rage mini sarƙar. Na ce, "Baba, ga agogon kurmen." Bai tambaye ni me nake nufi ba. Ya karɓa, ya juya zoben kusa da kunnensa, ya ce, "Wannan kam zai yi kurme. To shi zoben fa, me kuka sa masa?"

Ban da amsa. Wani ya kawo zoben ƙirge, wata ta ce kewayen minti. Masu Hausa, bismillah.