Gishirin Bur Sudan: yaya ake haɗa shi?

Yaya Hauwa, Kasala: Assalamu alaikum. Tun ina yarinya gishirin Bur Sudan nake zubawa a miyar kuka, yanzu jikata ta tambaye ni ko haƙo shi ake yi kamar kanwa. Don Allah wanda ya sani ya bayyana mana.

Ɗan Bur Sudan: Wa alaikumus salam Yaya. Ba haƙowa ake ba. Ruwan Bahar Maliya ake janyowa cikin manyan kududdufai marasa zurfi, ana tura shi daga wannan zuwa wancan, rana da iska suna shanye ruwan har gishirin ya kwanta fari fat. Sai a kankare a tara tsibi-tsibi. Ruwan tekun nan ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita. Mahaifina ya yi aikin, ƙafafunsa duk sun tsattsage, wallahi masu yin sa sun cancanci a girmama su.

Malam, Gadarif: Allah ya saka. Amma Yaya, ki riƙa sayen mai sinadarin aidin, saboda maƙoƙo, musamman ga yara.

Yaya Hauwa, Kasala: Na gode ƙannena. Allah ya jiƙan mahaifa.