Tarabezar bagaruwa: ado ne ko aikin da aka bari rabi?

Mai tarabeza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga hoton tarabeza, wato tebur, da na yi mako uku ina fama da ita a rakuba, rumfar gidanmu nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Katakon bagaruwa ne, wadda Larabawan nan ke ce wa sunut. Allo biyu na haɗa, tsawo mita ɗaya da rabi, kauri santimita 5. Ɓawon gefe na bar shi, tsagar tsakiya ban cike ba, fenti ko banish ban shafa ba, kuma da gangan ne. Ni a ganina itace ya fi kyau yadda Allah ya yi shi, gogewa da fenti ɓata shi suke yi. Ku faɗa mini gaskiya.

Yaya babba: Wa alaikumus salam. Tunda gaskiya ka nema, ƙanena, wallahi da na buɗe hoton na ɗauka katakon mahauta ne na kasuwar Sennar. Wannan ba ado ba ne, gajiya ka yi ka ajiye aiki rabi, sannan ka raɗa masa suna. Mace ta gifta ɓawon nan ya kama mata tob, wato lafayarta, wa zai biya?

Ɗan uwa a Jidda: Haba Yaya, kin yi masa tsauri. Nan Jidda irin wannan ake sawa a gidajen shan gahawa na masu hali, gefe a karkace, tsaga a fili, kuma ya fi mai santsin tsada. Wasu ma ruwan roba mai haske suke zubawa a tsagar ya daskare. Yaro ya yi abin zamani ku ce bai iya ba.

Yaya babba: To a kai musu can. Mai na'urar sanyaya ɗaki daban, mai rakuba daban. Habub ɗaya, guguwar ƙurar nan, zai cika tsagar nan da ƙasa.

Inna: Ni tambayata, me za a yi da ita? Abinci dai a siniya, babban faranti, muke ci, a ƙasa. In don jabana ce, gahawarmu, ka ɗora finjali a kai mu gani ko zai zauna. Daga nan ina hango tudu da kwari a samanta.

Malam na makaranta: Ni ina bayan yaron, amma ba don abin da ake yi a Jidda ba. Bagaruwa ba itacen da ke neman taimakon fenti ba ce. Tun zamanin Turawan Ingila daga dazuzzukan sunut na bakin kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, ake yanko katakon da ake shimfiɗa dogo a kansa, da ita ake sassaƙa jiragen ruwa, da ita ake ƙafafun angarib, gadonmu na igiya. Kakanninmu da suka zo nan bayan yaƙin Burmi na 1903 sun tarar da itacen da suka baro a gida, ba su tsaya neman banish ba. Itacen da ya ɗauki jirgin ƙasa, finjali ne zai gagare shi? Gara ma ba ta cin ta.

Kawu kafinta: Na karanta duka. Ɗana, kafin in ce komai, yaushe aka sare itacen, kuma da me ka kama allon da ƙafafun?

Mai tarabeza: Kawu, iskar damina ce ta kayar da ita a gonar Baffa, wata biyu ke nan. Na kai aka tsaga mini da injin zarto. Ƙusa goma sha biyu na buga daga sama, ko girgiza ba ta yi.

Kawu kafinta: To ai duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ana ta gardamar kyau da muni, alhali tarabezar ba ta gama zama abin da za ta zama ba. Katako ɗanye ne. Mu a sana'a lissafin da muke yi, kowane inci ɗaya na kauri shekara guda yake so a inuwa, naka inci biyu ne. Zafin ƙasar nan yana rage lokacin, amma wata biyu ba komai ba ne, tsakiyarsa har yanzu ruwa ne. Kuma katako in zai bushe, ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Kai kuma ka ɗaure shi da ƙusa goma sha biyu ka hana shi tafiya. In ya rasa hanya, tsagewa zai yi. Wannan tsagar da kake taƙama da ita, zuwa watan Afrilu yatsanka zai shige.

Ni ya taɓa ci. Ina saurayi na yi wa wata amarya tarabeza da ɗanyen katako don an matsa mini da ranar biki. Na goge ta, na sha ta da banish har kana ganin fuskarka. Da rani ya kama, cikin dare suka ji ƙara kamar an fasa tulu, gari ya waye allon ya rabu biyu, ƙusa ɗaya ta fito ta lanƙwashe. A kan amalanken jaki aka dawo mini da ita, ta tsakiyar unguwa. Ka ga santsi bai cece ta ba.

Yaya babba: Ka ji ko? Kawu ma ya ce ba ta yi ba.

Kawu kafinta: A'a 'yata, kar ki sa mini magana a baki. Ban ce ya goge ta ta zama kamar ta kanti ba. Gefen nan mai lanƙwasa ni ma ya burge ni, kuma sawun zarto ba aibi ba ne. Malam kuma, Allah ya gafarta, rabin maganarka gaskiya ce. Jan tsakiyar bagaruwa ne ke da taurin da kake faɗa. Farin da ke ƙarƙashin ɓawo kuwa abincin ƙwari ne, ɓawon shi ne ɗakin kwanansu.

Malam na makaranta: Na karɓi gyara a kan farin. Amma banish dai ban yarda ba. Rana tana ƙona shi ya riƙa ɓarewa kamar fatar maciji. Ga man riɗi nan na Gadarif ko'ina, ya shafa kawai.

Kawu kafinta: Man riɗi na miya ne, Malam. A katako ba ya bushewa, danƙo yake yi, ya kama ƙura, daga baya ya yi wari. Man kittan, wanda Turawa ke ce wa linseed, ake nema wurin masu sayar da fenti, shi ne ke shiga ya daskare. A shafa kaɗan, a goge ragowar, a bar shi ya kwana, a maimaita sau uku. Tsumman kuma a shanya shi a fili, kar a dunƙule a jefa lungu, yana iya kama wuta da kansa. Sannan ƙusoshin nan. Bagaruwar da majema ke jima da ita ce fa, in ƙarfe da ruwa suka haɗu da ita baƙi take yi. Kowace ƙusa sai ta zana maka baƙin zobe.

Ɗan uwa a Jidda: To ya zuba ruwan robar mana, ya kama tsagar.

Kawu kafinta: A ɗanyen katako? Katakon zai janye ya bar robar tsaye ita kaɗai.

Mai tarabeza: Kawu, na je na ɗaga ɓawon gefe ɗaya da wuƙa yanzun nan. Akwai ƙananan ramuka kamar an soka allura, da gari fari yana zuba. Ɓawon zai tafi, na yarda. Ƙusoshin ma zan zare. Amma samanta ba zan mayar da shi madubi ba, tsagar kuma tana nan.

Kawu kafinta: Ba wanda ya ce ka mayar. Ka jera allunan a inuwa, ka sa ƙananan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa, ka ɗora dutse a kai, ka shafe bakin kowanne da tsohon fenti don ta nan yake fara tsagewa. Ɗaga su daga ƙasa saboda gara. In lokaci ya yi, ta ƙasa za mu kama allon, da sukuru a rami mai ɗan tsawo yadda zai samu wurin motsi. Samfefa kuma daidai yadda finjalin Innarka zai zauna, shi ke nan.

Yaya babba: Wato sai baɗi za mu ga tarabeza. Ni dai ko ta bushe ko ba ta bushe ba, in baƙi za su zo zan rufe ta da leda mai furanni.

Inna: Ƙafafun fa, su ma ɗanyu ne? In ba za a yi aiki da su yanzu ba, a rage musu tsawo a yi mini banbar, 'yar kujerar nan, nawa igiyarsa ta tsinke.